Jan Fenti a Katangar Malam

Tun daga bakin layi Mahbuba ta hango motar Yaya Yahuza a ƙofar gidanta, sai ta ji gajiyar da ta kwaso daga makaranta ta ninku. Ta sauka daga adaidaita, ta gyara mayafinta, ta ɗan tsaya kamar mai shawarar komawa inda ta fito.

Ranar Alhamis ce, azahar ta gota. Ita ce shugabar wata firamare a nan unguwar Takur cikin Dutse, tun safe take fama da iyayen yara da malamai biyu da suka ƙi jituwa. Shekarunta hamsin da ɗaya. Mijinta Alhaji Marwa ya rasu bara waccan, 'ya'yanta uku suna gidajensu, autar tana jami'a a Kano. Abin da take so a wannan lokacin bai wuce ta cire takalmi ta miƙe ƙafa ba.

"Sannu da zuwa, Yaya. Da ka kira ni ai da na taho da wuri."

"Maganar ba ta waya ba ce," in ji shi, yana fitowa daga motar.

Ta buɗe gida, ta kai shi falo, ta kawo masa ruwa. Bai taɓa ba. Ta zauna a ƙasa kan darduma kamar yadda ta saba zama a gabansa tun suna yara, duk da gwiwoyinta ba sa son haka yanzu.

"An ce min an ga Nasrullahi a ƙofar gidan nan sau biyu."

"Sau uku ne, Yaya."

Ya gyara zama.

"Me yake nema?"

"Aure yake nema."

"Ke kuma kika ba shi kujera. Mahbuba, kin manta ko shi wane ne?"

Ba ta manta ba. A shekarar da aka ƙirƙiro jihar, lokacin da ma'aikata suke ta kwararowa Dutse daga Kano da katifu a saman mota, kowa yana neman inda zai raɓa, a cikinsu Nasrullahi ya zo. Dogon saurayi ne, ɗan makiyaya daga wajen Ringim, ya yi boko ya zama ma'aikacin safiyo, masu awon filaye da hanyoyi. Mahaifinta Malam Izzuddini, mai makarantar da ya gada daga kakansa, shi ya ba shi ɗaki a gidansu. Da yamma idan ya dawo daga aiki sai ya zauna cikin manyan ɗalibai yana ɗaukar karatu. A gidan ya ci, a gidan ya sha, a gidan ya gan ta tana da shekara goma sha tara.

Malam da kansa ya ba shi ita. Aka sa rana, aka kawo lefe.

Saura sati shida biki suka wayi gari da jan fenti a jikin katangarsu, alamar sabuwar hanya za ta bi ta kan gidan da makarantar. Da Yaya Yahuza ya bi sawu, sai ya tarar da sa hannun Nasrullahi a ƙasan takardar awon.

Malam bai yi faɗa ba. Ya sa aka mayar da lefe, ya ce yaron ya kwashe kayansa kafin la'asar. Katafila ta zo ta ture zauren karatun, ta cike rijiyar da kakansu ya haƙa. Suka koma wani fili a Yalwawa, wanda a lokacin gonaki ne suka kewaye shi. Ɗalibai suka watse. Ba a cika shekara ba Malam ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi shekara huɗu a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa.

Babu wanda ya yi wa Mahbuba dole. Da Alhaji Marwa ya fito, da bakinta ta ce ta amince, fushi yana cin ta. Kuma ta dace da mutumin kirki, shekara talatin ba kaɗan suka zauna bai taɓa ɗaga mata murya ba.

"Ban manta ba, Yaya," ta ce a hankali.

"To ni ma ban manta ba. Ni nake ɗaga Malam in kwantar, ni nake masa alwala. Mutumin da yake karantar da mutum ɗari ya koma ba ya iya kiran sunana sai da ƙyar." Ya yi gyaran murya. "Ba na hana ki aure. Zamanki ke kaɗai a gidan nan ba ya min daɗi. Ga Alhaji Sagiru, ƙanin mijinki ne, baffan 'ya'yanki, mutum mai rufin asiri, harkar hatsinsa a Ringim kowa ya sani. Ya ce ba zai ɗaga ki daga gidanki ba, ba zai hana ki aikinki ba. Sau nawa ya aiko? Me kike so kuma?"

"Ban ce yana da aibi ba."

"Gobe bayan an sauko daga Juma'a zai zo gaida Inna, ni zan raka shi. Ina so in shiga da amsarki a bakina."

Ya miƙe ya gyara hularsa. A bakin ƙofa ya juyo.

"Idan kuma kin dage sai wancan, ki nemi wani waliyyin. Ba da bakina za a ba da 'yar Malam ga wanda ya kwantar da Malam ba."

Bayan fitarsa ta daɗe a zaune a inda ya bar ta. Ko abincin rana ba ta nema ba.

Da la'asar sakaliya Nasrullahi ya zo, kamar yadda ya ce zai zo. Ta fitar da kujerun roba biyu ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gan su. Gemunsa ya yi fari fat, ya rame fiye da yadda ta san shi, yana jan ƙafar hagu kaɗan. Ya yi aikinsa a garuruwa masu nisa har ya yi ritaya, matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, ya dawo gida yana kula da 'yan shanun da mahaifinsa ya bari.

Suka gaisa. Ya dubi fuskarta ya ce, "Malama, da alama an yi magana."

"Yaya ya zo."

"Na yi tsammanin haka."

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Ban tambaye ka ba a zuwanka na farko, ban tambaye ka ba a na biyu da na uku, saboda ina tsoron amsar. Yaushe ka san hanyar nan ta kan gidanmu za ta bi?"

Duk tsawon shekarun nan tana da amsar da take ba wa kanta. Ƙaramin ma'aikaci ne, takarda aka ajiye masa aka ce ya sa hannu, watakila shi ma a satin ya sani. Da wannan amsar take lallashin zuciyarta idan ya faɗo mata a rai. Abin da take jira kawai shi ne ya maimaita mata ita da bakinsa, ta ɗauka ta kai wa Yaya Yahuza.

Ya sunkuyar da kai, ya haɗa tafukan hannunsa.

"Wata biyar kafin a shafa fentin."

A hankali ta soma jera watannin a ranta. Da farko bayan babbar Sallah aka sa bikin. Sai baffansa ya taso takanas daga Ringim ya roƙi Malam a matso da shi kafin azumi. Ta tuna yadda ƙawayenta suke zolayarta, wai Bafillatani ya kasa haƙuri. Ta tuna yadda take rufe fuska tana dariya.

"Kai ka turo baffanka a matso da biki."

"Ni ne."

"Ka riga ka sani a lokacin."

"Na riga na sani."

Wata maƙwabciya ta zo wucewa da robar niƙa a ka, ta ce, "Malama, barka da yamma." Mahbuba ta ɗago ta yi murmushi ta amsa mata da lafiya lau, har ta tambaye ta mai jiki. Sai da matar ta sha kwana hawayen suka zubo.

"Na ɗauka so ne ya sa kake gaggawa," ta ce. "Shekara talatin da biyu, duk abin da ka yi mana, wannan ɗaya na riƙe. Ina cewa ai ya so ni har ya kasa jira."

"So ne, Mahbuba. Amma da tsoro a cikinsa, kuma tsoron ya fi yawa." Bai ɗago ba. "Ba ni da ikon kawar da hanyar, wannan gaskiya ne. Na gwada, aka ce in kama kaina. Amma ina da baki. Da na faɗa wa Malam tun da wuri, da ya nemi wuri a tsanake, ya kwashe littattafansa, ya shirya ɗalibansa. Da ya ji daga bakin ɗan da ya riƙe, ba ya fito sallar asuba ya gani a jikin katanga ba. Kullum in na zauna a gabansa sai in ce yau zan faɗa. Sai in ce bari a ɗaura aure tukuna, in an ɗaura, ko ya yi fushi ba zai raba ba. Na so in kama ki ne kafin ku san ko ni wane ne. Sai aikin ya riga bikin."

"Kana cin tuwon Inna kana wannan shirin."

"Ina ci."

Ta sa bakin mayafi ta share fuskarta, wasu suka sake zubowa.

"Me ya sa ka faɗa min? Da ka ce ba ka sani ba, wallahi da na yarda. A shirye nake in yarda. Da na tsaya a gaban Yaya na kare ka."

"Na san da kin yarda. Shi ya sa na kasa. Na taɓa neman aurenki da ɓoye-ɓoye sau ɗaya, na ga inda ya kai mu. Kwana nawa ya rage min da zan sake? In za ki yafe min, ki yafe wa wanda ya yi laifin, ba wani da kika ƙera a zuciyarki ba. In kuma ba za ki iya ba, ba zan ga laifinki ba."

"To ka yi laifi, ka ji tsoro, yarinta ce. Bayan nan fa? Shekara huɗu Malam yana kwance a Yalwawa. Garin nan nawa yake? Ko sau ɗaya ba ka tako ka durƙusa a gabansa ba."

Ya ɗago ya dube ta, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya rufe. Idanunsa sun yi ja.

"Allah ya jiƙan Malam," shi ne kawai abin da ya ce.

"Amin. Tashi ka tafi, Malam Nasrullahi. Na gaji. Wallahi na gaji."

Ya miƙe a hankali, ya ɗauki kujerarsa ya jingine ta a jikin ƙofa, ya yi mata sallama. Ba ta bi shi da kallo ba.

Washegari da aka tashi daga makaranta ba ta biya ta gida ba, Yalwawa ta wuce kai tsaye. Maza duk sun tafi masallaci, unguwar ta yi tsit. Ta sami mahaifiyarta Inna Laraba a rumfar tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da lalube, don idanunta sun yi rauni shekara uku ke nan. Ta haura tamanin, amma hannunta ba ya zama haka kawai.

Mahbuba ta durƙusa ta gaishe ta, ta ɗora ƙwaryar gyaɗar a cinyarta tana taya ta.

"Inna, na zo in faɗa miki kafin su Yaya su iso. Zan amsa wa Alhaji Sagiru."

"Kina son sa?"

"So kuma, Inna, a shekaruna? Hutu nake so. Kowa ya samu abin da yake so a bar ni in huta."

"Wancan fa?"

Nan ta kwashe komai ta faɗa mata, wata biyar ɗin, da zuwan baffansa, da dalilin matso da bikin. Tana faɗa tana kuka kamar ba uwar manyan 'ya'ya ba. Inna tana saurare, hannunta ya daina ɓarar.

"Duk wannan da zan iya haɗiyewa," in ji Mahbuba, "tunda shi ya faɗa da bakinsa. Abin da ya tsaya min shi ne rashin zuwansa. Mutumin da ya ba ka ɗaki ya ba ka 'ya, yana kwance shekara huɗu, ka kasa zuwa ka ce ya yafe maka. Na tambaye shi jiya, ko kalma ɗaya bai iya ce min ba."

Inna ta ajiye gyaɗar da ke hannunta.

"Bai ce miki komai ba?"

"Addu'a kawai ya yi wa Malam."

Tsohuwar ta juyo da fuskarta wajen Mahbuba. Can ta ce, da wata murya da 'yar ba ta san ta da ita ba, "Ya zo."

"Na'am, Inna?"

"Ya zo. Sau uku. Da damina ne, shekara ta biyu da kwanciyar Malam, kina gidanki da cikin fari. Ranar farko ruwa ya yi masa duka, ya tsuguna a zauren can yana ɗiga. Yayanki ba ya nan. Na aika aka ce masa Malam yana barci. Ya dawo, aka sake ce masa haka. A na uku na fita da kaina."

Inna ta sunkuyar da kai.

"Na ce masa Malam ya ce kada ya ƙara tako masa gida, ko gawarsa kada ya zo kai."

"Malam ya faɗi haka?"

"Bai faɗa ba. Bai ma san ya zo ba. Ni na faɗa. A lokacin in na dubi Malam a kwance, yawu yana zuba ina gogewa, ji nake da zan iya da na ƙona yaron nan da ransa." Hawaye suka gangaro cikin tamojin fuskarta, ba ta share ba. "Sau biyu Malam yana tambayata, da harshen nan nasa da ya karye. Yaron nan bai zo ba? In ce bai zo ba. Na biyun saura kwana tara ya rasu. Ya ce ya riga ya yafe masa tuntuni, so yake kawai ya faɗa masa a gabansa, don kada yaron ya yi ta yawo da abin a wuyansa. Na ce to, in ya zo zan shigo da shi."

Mahbuba ta ji ƙwaryar ta zame daga cinyarta, gyaɗar ta watse a kan tabarma. Abin da ya fara zuwa mata shi ne fuskarsa ta jiya, yadda ya buɗe baki ya rufe. Ashe tun daga ranar yana rayuwa ne da yaƙinin Malam ya mutu da fushinsa. Kuma ya gwammace ta ɗauke shi mara kunya a kan ya maimaita mata mummunar magana daga bakin mahaifinta da yake cikin kabari.

"Yaya ya sani?"

"Babu wanda ya sani sai Allah, sai ke yau. Na yi wa mijina ƙarya yana kan gadon mutuwa, Mahbuba. Na riƙe wa bawan Allah saƙon da aka bar masa shekara ashirin da bakwai. Kullum in na idar da sallah sai in ce zan sa a nemo shi, sai kunya ta hana ni. Ina zagin yaro ya ɓoye magana wata biyar, ni ga nawa."

"Inna, ki daina kuka."

"Ki bar ni in yi. Maganar aurenki ba zan sa baki ba, ke ba yarinya ba ce, ki auri wanda kika ga dama. Amma ba zan shiga kabari da saƙon Malam a hannuna ba. Kina da lambarsa?"

"Ina da ita."

A daidai lokacin suka ji tsayuwar mota a waje, aka rufe ƙofofi biyu. Muryar Yaya Yahuza ta yi sallama daga zaure, yana cewa a ba su izini, ga Alhaji Sagiru ya zo gaida Inna.

"Kira shi," in ji Inna.

"Inna, ga su Yaya a ƙofa."

"Su shigo su zauna su jira shi. Bakina ba zai iya faɗar maganar nan sau uku ba."

Mahbuba ta laluba jakarta ta fito da wayar. Ta nemo sunansa ta danna. Daga zaure Yaya Yahuza ya sake yin sallama, wannan karon da ɗan ƙarfi. Wayar ta yi ƙara ɗaya, ta yi biyu, a ta uku aka ɗaga.

"Malama?" Muryarsa a dushe take, kamar ta wanda bai yi tsammanin zai sake jin ta ba.

Ta share fuskarta da bayan hannu.

"Kana cikin gari?"

"Yanzu na fito daga masallaci, zan kama hanyar Ringim."

"Kada ka tafi. Ka zo Yalwawa, Inna tana son ganinka. Yaya yana nan, Alhaji Sagiru ma yana nan, ka sani tun yanzu."

Tana jin numfashinsa da hayaniyar masu fitowa daga masallaci a bayansa.

"An hana ni shiga gidan nan, Mahbuba."

"Na sani. Ban ce na yafe maka ba tukuna, kada ka ɗauka haka. Amma ka taho. Ni zan tsaya a zaure in shigo da kai."